Riga Mai Hannu Ɗaya

Rigar tana kwance a kan keken ɗinki, fara fat, hannu ɗaya a jikinta, ɗayan a kan cinyar Tela. A daidai lokacin ƙararrawar coci ta fara bugawa.

Tun shigowar watan Kirsimeti yake ɗinka wa jama'a kaya, tasa rigar kuwa sai da safiyar nan ya samu ya zauna mata. Bara da tsohuwar riga ya je sujada, ƙanin matarsa, wani direban babbar mota mai bakin tsiya, ya yi ta yi masa dariya a ƙofar coci har mutane suka taya shi. Ranar Tela ya ci alwashin ba zai ƙara shiga cikin taro ranar Kirsimeti ba sai da rigar da za ta rufe bakin kowa. Ga shi kuma shi ne mai tayar da waƙar farko a ƙungiyar mawaƙa. In bai je ba, wani za a sa.

Matarsa ta leƙo shagon, littafin waƙoƙi a hannu.

"Maigida, ba ka ji ƙararrawa ba?"

"Na ji. Saura hannu ɗaya da wuya da maɓallai."

"Wato saura rigar gaba ɗaya."

"Ke, ba fa don kaina nake yi ba. Ranar haihuwar Ubangiji ce. A je gaban Sarki da tsumma?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Sarkin da aka naɗe da tsumma aka kwantar a komin dabbobi? Shi ne zai tsaya duba maka maɓalli? Faɗi gaskiya dai, ƙanina kake yi wa ado."

Ta wuce abinta.

Tela ya taka keken da ƙarfi, allura ta ruga, sai kuma ya tsaya cak. Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya tambayi kansa tsakani da Allah: da a ce shi kaɗai zai tsaya a cocin nan, ba idon kowa, zai damu da hannun riga? Ya juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta sauya ba. Ashe shekara guda yana shirin sujada, amma ba ga wanda ya zata ba.

Ya ɗaga ƙarfen keken da ke danne yadi, ya yanke zare. Ya kakkaɓe tsohuwar rigar aikin da ke jikinsa, ya ja ƙofar shago.

Direba na tsaye a bakin coci cikin sabuwar riga mai sheƙi, ɗinkin Telan ne ma.

"A'a! Yaya, bana ma? Ko ɓarayi sun shiga shagon ne?"

"Sun shiga," in ji Tela, "amma na kore su da safen nan. Matsa in wuce, kada ƙurata ta ɓata maka kwalliya."

Direba ya matsa.

Mawaƙa sun riga sun miƙe, mai ganga ya ɗaga hannu yana waige-waige. Tela ya kutsa cikin sahu, guntayen zare a kafaɗarsa, alli a gefen aljihu. Ya ja numfashi, ya tayar da waƙar. Muryar ta fito da faɗi, ta cika ɗakin har kwanon rufi, jama'a suka amsa kamar saukar ruwan sama.

A rana irin wannan idonsa kan bi wuyan rigunan mutane ne, yana duba inda ɗinki ya zauna da inda ya karkace. Rabin cocin aikin hannunsa suke sanye da shi. Sai da aka kai baiti na ƙarshe, aka ce amin, sannan ya lura idanunsa a rufe suke tun farko.