Sakan Huɗu na Matsafin Tela

Asabar huɗu ke nan a jere matsafin Tela yana mutuwa kafin ya gama buɗe baki, kuma Tela ya fara zargin da hannun wani a ciki. Ruwa ai ba ya tsami banza.

Su huɗu ne suke haɗuwa da yamma a ɗakin baya na shagon gyaran waya na ƙaninsa Auta, inda aka jera kwamfutoci a kan dogon tebur, tsakanin kwalayen batura da wata fanka da ta daina juya kai. A cikin wasan kwamfutar da suke yi duk Asabar, Auta ne mai garkuwa, Direba maharbi, Malamin Lissafi mai ba da magani. Tela kuwa tun farko ya zaɓi matsafi, wani siririn tsoho mai rigar yadi. Kowa ya san halin matsafi. Wutarsa tana cinye runduna, amma sai ya tsaya cak na sakan huɗu yana karanto tsafin, ko ƙuda ya taɓa shi a lokacin komai ya watse, bugu biyu kuma ya sha ƙasa. Ransa duk yana hannun mai garkuwa. Shekara uku Auta yana tare masa dodo, ba a taɓa jin kansu ba.

Yanzu kuwa dodon sai ya wuce Auta kamar an buɗe masa ƙofa.

"Yaya, ka koma mai takobi mana," in ji Direba rannan, yana sosa ƙeya. "Matsafi ba shi da ƙwari. Ana hura shi ya faɗi."

"Yau ya fara rashin ƙwarin?" Tela ya ce. "Ko dai kujerar kuke so?"

Kowa ya mayar da ido kan kwamfutarsa, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan. Ya lura in ya shigo sai hira ta mutu. Sau biyu ya ga Auta ya tura aljihun tebur da gwiwa. Ga Direba ya fara yabon wani ɗan wansa, wai yaron yatsunsa kamar walƙiya. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Tela yana tsoron rasa kujerar nan fiye da yadda zai iya faɗa, domin tun da yara suka watse gidan ya yi masa faɗi, kuma a ɗakin nan kaɗai ake kiransa ba don ɗinki ya makara ba.

Asabar ta biyar ya rufe shagonsa da wuri. Ya san lokacin da Auta ke fita sayen kayan gyara, kuma yana da makulli. Ya zauna a kujerar ƙanin nasa, ya kunna kwamfutar. Bai sha wahalar nema ba. Ga wata ma'ajiya an rubuta mata "Yaya".

"To, biri ya yi kama da mutum," ya ce a fili.

Bidiyon faɗace-faɗacensu ne, an rage musu gudu. A ƙasan kowanne Auta ya rubuta abu ɗaya: garkuwa ta riƙe sakan shida, tsafi ya fara a sakan na uku. Tela ya ƙirga da yatsu. Uku da huɗu bakwai. Garkuwar ba ta taɓa wuce shida ba, a da can ma haka take. Ashe Auta bai janye ba. Shi Tela ne yake makara wajen danna madanni.

Bidiyo na ƙarshe da waya aka ɗauka, daga gefe. Hannun hagu ne a kan madannai, yana rawa, ɗan yatsa yana laluben wurin da ya sani shekara uku. Tela ya gane hannun, nasa ne. Haka na Baba ya fara, ranar da shayi ya zube masa a riga. Wata biyu ke nan Tela yana ba maƙwabcinsa allura ya zura masa zare, yana ɗora wa tabarau laifi.

Ya ja aljihun teburin. Sabon linzamin kwamfuta ne a kwali, irin mai madannai a gefe inda babban yatsan dama ke kwanciya. A ƙarƙashinsa akwai katin ganin likita da sunan Tela a kai.

"Mun rasa wanda zai fara gaya maka ne," in ji Auta daga bakin ƙofa, leda a hannu. "Kowa tsoronka yake ji."

Tela ya yi sauri ya cusa hannun hagunsa a aljihu. Kunya ta rufe shi.

"Na zaci korata za ku yi."

"Haba Yaya. Wa zai ƙona mana dodo?" Auta ya ajiye ledar, ya ɓare kwalin, ya jona linzamin a kwamfutar Tela. "Na mayar maka da tsafin duka hannun dama. Litinin kuma ni zan kai ka, ƙarfe tara."

Tela ya koma kujerarsa. Ya daɗe yana kallon linzamin, sannan ya fito da hannun hagun daga aljihu, ya ɗora shi a kan tebur inda Auta zai gani.