Farin Gari a Ƙarƙashin Bonet

"Shi ya sa nake gaya wa Hajja, baƙin bonet ɗin nan ba ya tsatsa. Ko a teku ka jefa shi, haka zai fito yana ƙyalli. Ko ba haka ba, Usta?"

"Haka ne, Yaya Ayman," in ji Habu, wanda suke kira Usta, wato gwanin sana'a. "Kabon ba ya tsatsa."

Bai yi ƙarya ba. Sai dai idonsa yana kan hancin motar, inda wani ɗan tabo mai hazo ya fito a jikin bonet, kamar madara ta zube a kan baƙar tabarma. Hannunsa ne ya ɗora bonet ɗin a watan Agusta. Na kabon ne ba ƙarfe ba, daga wata motar tsere da ta yi hatsari. Ayman ya samo shi, mara nauyi kamar faifai, saƙarsa tana walƙiya a ƙarƙashin fenti, ya kawo garejin da Habu yake gyaran jikin mota.

Yau kwana uku ke nan ana ruwa a Alƙahira. Watan Tuba ne, wanda Misirawa ke ambata suna ƙanƙame jiki. Titunan Hayyin Ashir ba su da magudana, ruwa ya kwanta ja-ja-ja har bakin shaguna, sama kuwa ta sauko ta zauna a kan benaye. A cikin wannan yanayi Ayman zai kai mahaifiyarsa Hajja da ƙanwarsa Sulafa zuwa Iskandariyya, sunan jaririn 'yar uwarsu. Ya kira Habu ne kawai ya sauya masa robar waifa.

Sulafa ta sauko da shayi a kan tire, ta naɗe cikin mayafi biyu, hancinta ya yi ja. Shekara guda ke nan Habu yana zagaya wannan layi da dalilai iri-iri, har mai gadin gidan ya daina tambayarsa wa yake nema.

"Malam Habu, mutumin Kano da rawar ɗari," ta ce tana miƙa masa kofi. "Ina jarumtar?"

"Na baro ta a ƙarƙashin bargo."

Ta yi dariya. Shi ya kasa. Ya zare cokalin daga kofin ya matsa kusa da motar, ya fara ƙwanƙwasa bonet a hankali, yadda maigidansa ya koya masa. Ƙarfe in ya ji ciwo yakan lotsa, kowa ya gani. Kabon ba haka yake ba; fuskarsa sumul, ciwon yana can ciki, kunne kaɗai ke gano shi. A tsakiya ƙarar ta fito tas, tas, tas. Da ya zo kan tabon sai ta mutu. Ɗuf. Kamar ana buga jiƙaƙƙen kwali.

"Kiɗa kake mana, ya zol, mutumina?" in ji Ayman.

"Ɗan buɗe min, Yaya. In duba ruwan waifa."

Ayman ya ja wayar buɗe bonet daga ciki. Habu ya ɗaga, ya sunkuya, ya kare wurin da kafaɗarsa.

Ƙarfen alminiyam ɗin da ke riƙe da sakatar bonet ya yi fari fat, gari ya taru a kansa kamar kanwa. Ya taɓa ɗaya daga cikin ƙusoshin huɗu da yatsa, kanta ya ɓalle ya faɗo masa a tafi. Sauran ukun suna lilo a ramukansu.

Sanyin da ya kama shi ba na Tuba ba ne. Ya san abin da ya faru, don shi ya yi shi. Kabon ba ya tsatsa, gaskiya, amma in ya haɗu da alminiyam jiki da jiki, ga danshi a tsakani, to cinye shi yake yi a ɓoye. Dole a raba su da roba, a toshe kowane rami da gam. Ranar nan ta Agusta gam ya ƙare a gareji, rana tana narka kwalta, Sulafa kuma ta ce za ta leƙo daga baranda ta ga motar da yamma. Sai ya ɗaura ƙarfen haka nan, ba roba ba gam, ya ce a ransa, ai Alƙahira ce, garin da ake ruwa sau biyu a shekara. Shi da ya taso yana tsoron rana kaɗai a kan fenti. Bai tuna da bokitin da mai gadi ke sheƙa wa motar kowace safiya ba, bai tuna da jiƙaƙƙen tamfol ɗin da ke kwana a kanta tun shigowar sanyi ba.

Ya taɓa ganin irin wannan sau ɗaya. An jawo wata mota garejinsu daga hanyar hamada, bonet ɗinta ya tashi a guje ya rufe gilashin gaba ruf. Direban bai ga komai ba tun daga wannan daƙiƙar. Babu wanda ya zo karɓar motar.

"Usta, tamam? Lafiya dai?" in ji Ayman.

Habu ya dunƙule hannu a kan ƙusar, ya sauke bonet a hankali. Ya kama, ƙas, kamar lafiyayye.

Hajja Mahasin ta fito tana dogara sanda, tana tsallake ruwa, mai gadi na biye da jakunkuna. Habu ya rusuna ya gaishe ta. Ta daɗe tana dubansa kafin ta juya ga ɗanta.

"Ka gaya masa?"

Ayman ya yi gyaran murya, ya dafa kafaɗar Habu. Sulafa ta tattara kofuna da sauri ta koma bakin ƙofa, amma ba ta shiga ba.

"Da farko ban so ba, kai ma ka sani. Ba mu san danginka ba, ba mu san gidanku ba. Amma Hajja ta ce a dubi aikin hannun mutum. Wata shida ina hawa motar nan, ko ƙara ba ta taɓa yi min ba. Wanda ba ya ha'inci a inda ido ba ya gani, ana iya ba shi amana. In mun dawo jibi, ka turo manyanka. Khalas, shi ke nan."

Maganar da ya yi shekara yana roƙon Allah a kanta ke nan, ta zo masa a tsakiyar titi, a cikin yayyafi. Ya ji hawaye na neman zubo masa, bai san na wanne ba ne.

Zuciyarsa ta shiga kawo masa hanyoyi. Ya ɗaure da waya, ya ce don iska ne. Ya ce Ayman ya tafi a hankali. Amma wa ya taɓa ganin Ayman a hankali a kan hanyar hamada? Ko ya nuna garin ya ɗora wa sanyi laifi, ya ce kabon ɗin jabu ne. Za su yarda. Sai dai Ayman zai kai wa wani mai gyaran, wanda da kallo ɗaya zai tambaya ina robar take. Ko kuwa ya yi shiru. Wataƙila ƙusoshi uku su kai su, su dawo da su.

Iska ta taso daga arewa, ta ɗaga gefen tamfol ɗin wata mota ta maka shi a gilashi. Can nesa aka yi tsawa.

"Yalla, kada ruwa ya tare mu," in ji Ayman, ya shiga ya tayar da mota.

Hajja ta zauna a baya tana bisimilla. Sulafa ta zagayo ta buɗe ƙofar gaba, ta ɗan tsaya, ta dube shi ta saman gilashi, ta yi masa murmushin da ba ta taɓa yi masa a gaban mutane ba. Sannan ta zauna ta ja bel. Ta cikin gilashin yana ganin fuskarta, daidai inda bonet zai sauka.

Habu ya taka cikin ruwan ya tsaya a gaban motar. Ayman ya danna hon yana dariya. Habu bai gusa ba. Ya miƙa hannu, ya buɗe tafinsa a inda duka ukun za su gani.

"Kashe motar, Yaya. Wannan ƙusar sakatar bonet ce, ni na ɗaura ta ba yadda ya kamata ba, kuma na sani tun ranar. Ku yanke duk hukuncin da kuka ga dama a kaina, amma motar nan ba za ta bar layin nan yau ba."