A-kori-kurar Mai Kunne

A-kori-kurar ta sake shaƙewa daidai mararraba, ta yi tari, ta mutu. Mai Kunne ya yi maza ya kara waya a kunne, don masu wucewa su ɗauka kira ne ya tsayar da shi. Matarsa, da ke gefe rungume da kulolin abincin da za su kai wa yayarta asibiti, ta tuna masa cewa wayar a kashe take tun safe. Ta sauka ta tare tasi.

Da motar wani ce da sauƙi. Amma shi bakanike ne, kuma sunan nan bai same shi a banza ba: daga kan bencinsa yake jin kukan inji ya faɗi ciwonsa kafin a buɗe bonet. Sai ga tasa ta gagare shi. A gareji in an tayar da ita a tsaye takan yi silo lafiya lau, amma da ta ɗan yi nisa sai ta fara jan ƙafa, ya taka totur ta ƙi amsawa, ta mutu. In ta huta kuma ta tashi kamar ba ita ba. Ya canza fulogi, ya wanke kafireto, ya sa sabon famfon mai. Har koyil ɗin motar wani kwastoma ya ara ba da sanin mai ita ba.

Da ta ga dama ta tashi, bai koma garejinsa ba. Ya bi ta bayan kasuwa zuwa wurin Sanƙo, bakaniken da Mai Kunne ya daɗe yana gaya wa mutane cewa ko keke bai iya gyarawa ba. Ya ce masa motar wani kwastoma ce, shi aiki ya yi masa yawa. Sanƙo ya dubi motar da duk unguwa ta sani, ya dubi tabarmar sallar Mai Kunne a bayan kujera, ya ce Allah sarki, aiki ai sai da taimako.

Sanƙo bai taɓa sifana ba. Ya ce su ɗan zaga, ya riƙa tambaya a hanya: da sanyi take yi ko sai ta yi zafi, tana hayaƙi, a hawa ne ko ko'ina? Mai Kunne yana amsawa dalla-dalla, sai ya tuna, ya ƙara da “in ji shi”.

Kusa da makarantar firamare ta mutu. Sanƙo ya sauka, ya zaga gefe, ya murɗe murfin tanki. Tankin ya ja iska da ƙarfi, fuuu. Ya ce a tayar, bugu ɗaya ta tashi. Ya juya murfin ya nuna masa: wani ya bi 'yar kafar da iska ke shiga ya toshe ta da gam. Mai yana raguwa, iska ba ta shiga, famfo ya yi ta ja har ya gaji.

Mai Kunne ya gane gam ɗin. Shi ya shafa shi da babban yatsansa, ranar da matarsa ta yi ƙorafin warin fetur.

“Maigida, wane ne yake taɓa motar nan?” in ji Sanƙo.

“Wa ya sani. Irin na bakin titin nan.”

Sanƙo ya ce wannan ba bakanike ba ne, mai faci ne. Mai Kunne ya ce ai mai faci ma ya fi shi. Sanƙo ya nuna sabon famfon, ya ce dubi asara, lafiyayye aka cire. Mai Kunne ya ce irinsu ne suke ɓata wa sana'a suna, kamata ya yi ƙungiya ta ƙwace musu kayan aiki. Sanƙo ya ce wallahi in ya kawo maganar a taro, shi zai fara goya masa baya.

Ya zaro allura daga hularsa, ya huda gam ɗin, ya busa, ya mayar da murfin. Ko ruwa ya ƙi yarda a saya masa, ya ce tsakaninsu babu haka. Sai da suka koma, Mai Kunne ya sa giya zai tafi, sannan Sanƙo ya leƙo ta taga, fuskarsa ba alamar dariya.

“Ka gaida mai motar. Ka ce masa ya rabu da wancan mutumin, daga yau kai kaɗai zai riƙa kawo wa.”

“Zan faɗa masa,” in ji Mai Kunne.