Kujera ta Ashirin

"Ba ki tsaya ba," in ji tsohon daga tagarsa.

"In tsaya in ji me, Baba? Ka ce butar shayin nan alama ce ta wayewar zamani. Buta ce fa, ba digiri ba." Mai Ɗinki ta ci gaba da taka kekenta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya goge layin da ya rubuta ya sake wani.

Tagar ɗakinsa da ta shagonta suna kallon juna, lungun da ke tsakaninsu bai fi taku uku ba. Shekara talatin ya yi yana buga takardu a ofis. Da ya yi ritaya, 'yarsa Auta ta ba shi tsohuwar kwamfutarta don ya rage zaman kashe wando, ashe ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Ya yi rajista a wani shafin intanet inda masu shaguna ke neman wanda zai rubuta musu bayanin kayan sayarwa: tukwane, labule, takalman wanka, duk abin da aka ɗora hotonsa. In ka gama, mai kaya ya ba ka taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Shekara shida yana wannan sana'a, da ita yake ci da ita yake sayen magani, kuma ko sau ɗaya bai taɓa makara wajen miƙa aiki ba. Wannan shi ne abin tinƙahonsa, har 'yan layin suka laƙaba masa Baba Tauraro.

Yana da ƙa'ida guda. Ba ya tura rubutu sai ya karanta wa Mai Ɗinki da ƙarfi ta taga. In ƙafarta ta tsaya a kan keke, rubutu ya yi. In keke ya ci gaba da ƙara, sai a koma baya. Edita yake ce mata, ita kuwa takan ce albashin edita bai taɓa wuce lemo biyu ba. Gaskiyar magana, ta fi son muryar nan fiye da rediyonta.

A damina ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Auta, wadda nas ce, ta yi faɗa har ta gaji. Duk da haka ya karɓi aikin wani shagon kayan ɗaki: kaya ashirin, a miƙa ranar Alhamis kafin ƙarfe huɗu na yamma. Zuwa Laraba ya gama sha tara, amma yatsunsa sun kumbura, in ya nufi harafi ɗaya sai ya danna uku.

"Edita," ya kira ta da yamma, muryar ta yi ƙasa. "Ta ashirin a kaina take. Kujera ce. Saurara."

Ya faɗa mata da ka, a hankali, yana hutawa a tsakani. Kafin ya kai ƙarshe keke ya yi shiru.

"Kin tsaya!" Ya ɗaga hannu kamar wanda ya ci gasa.

"Zare ne ya tsinke."

"Ƙarya fure take. Gobe da safe Auta za ta buga min."

Washegari da safe Auta ta kai masa shayi ta tarar ya cika, gilashinsa na kan hanci, fuskarsa kamar mai shirin tsokanar wani.

Mai Ɗinki ta yi kuka sosai. Ta rufe shago ta shiga gidan, ta yini tana shimfiɗa wa masu ta'aziyya, tana kai ruwa. Sai da idonta ya faɗa kan agogon bango ta ga uku ta wuce, sannan ta tuna da aikin kujerar. Ta kamo hannun Auta ta ja ta ɗakin tsohon.

"Aikin Baba. Ƙarfe huɗu."

"Haba Anti, yau?"

"Shekara shida bai makara ba, Auta. Ba ranar da ba shi da bakin ba da haƙuri za a rubuta masa ya makara ba. Kunna abin nan."

Auta ta share ido ta kunna. Kalmar sirrin tana manne da salatif a ƙarƙashin kwamfutar, inda duk gidan aka san tana nan. Sha tara suna jere tsaf, gurbin na ashirin fari fat, sai hoton wata kujerar katako mai faɗin hannu.

"Ai bai rubuta ba," in ji Auta.

"Ya faɗa min da ka. Buga." Mai Ɗinki ta buɗe baki. "Kujera ce ta katako mai..." Ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Kanta ya zama fanko. Ta rufe ido, ta dafe goshi, babu. Agogo ya ce uku da rabi da biyar.

Can ta lura ƙafarta ta dama tana motsi ita kaɗai a kan siminti, sama da ƙasa.

"Buɗe tagar nan," ta ce, ta fita da sauri takalmi a hannu.

Haka masu ta'aziyya suka ji ƙarar keken ɗinki ta tashi daga shagon da ke maƙwabtaka. Goggon Auta, babbar yayar mamacin, ta miƙe da sandarta ta leƙo ɗakin tsohon.

"Wace marar ta-ido ce ke ɗinki yau?"

"Goggo, zauna, aikin Baba ne," in ji Auta.

Da keke ya kama gudu, maganar ta dawo kamar an kwance bakin buhu. Mai Ɗinki ta ɗaga murya ta taga, hawaye na zuba a kan ƙyallen da ta cusa ƙarƙashin allura.

"Kujera ce ta katako mai ƙwari, mai riƙe amana! In ka zauna ba ta ƙara, ba ta gaya wa maƙwabta nauyinka!"

Goggo ta saki dariya ba shiri, ta toshe baki da mayafi. "Wallahi shi ne. Tun yana yaro bakin nan haka yake."

Mata suka taru a ƙofar ɗakin, ana kuka ana dariya.

"Hannunta yana da faɗin da zai ɗauki kofin shayi da gilashin karatu! Sa aya, Auta, Baba ba ya wasa da aya!"

"Na sa, Anti! Sai me?"

Mai Ɗinki ta rage gudun keken. Wannan ba ta iya faɗarsa da ƙarfi ba.

"Ta dace da wanda ya gama aikinsa, yana so ya zauna bakin taga ya ji motsin maƙwabciyar kirki."

Auta ta buga, ta ƙara 'yan layuka a ƙasa tana sanar da mai shagon cewa marubucin ya rasu da safe, bayanin kujerar kuma daga bakin maƙwabciyarsa aka ɗauko shi kamar yadda ya faɗa. Ta tura saura minti takwas huɗu ta cika.

"Ya shiga a kan lokaci," ta ce. Goggo ta yi hamdala kamar an sauke mata kaya.

Bayan kwana uku Mai Ɗinki ta buɗe shago, ga ɗinkin mutane ya taru. Tana tsakiyar haɗa hannun wata riga ta ji an turo tagar can.

"Edita," in ji Auta, tana zaune inda mahaifinta ke zama. "Mai shagon ya amsa. Taurari biyar. Ya ce bari in karanta miki."

Ta gyara murya za ta fara. Keken ya riga ya yi shiru, allura na tsaye a cikin yadin.