Bawul Mai Ƙara

Karo na uku ke nan mai gyaran agogo ya ɗaga kai yana neman agogon bango a ɗakin jiran likita, bai ga komai ba sai ƙusa. Amma yana jin bugun. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Mutumin da ya shekara ashirin yana kara agogunan jama'a a kunne ba ya ruɗewa da irin wannan sauti.

"Kina ji?" ya tambayi matarsa.

"Fanka nake ji. Don Allah ka nutsu, ka riƙe takardarka."

Takardar ce ta kawo su. Likita ya ce bawul ɗin zuciyarsa, wato ƙofar da jini ke fita ta cikinta, marfi biyu gare shi maimakon uku, haka aka haife shi, ga shi yanzu ya tsuke. Ko dai a zura sabo ta jijiyar cinya da siririn bututu, ba yanka, sai dai a ƙofa irin tasa ba lalle ya zauna daidai ba, kuma irin wannan bawul yana tsufa, mai shekara talatin da takwas kamarsa sai ya cinye biyu ko uku. Ko kuwa a tsaga ƙirji a sa na ƙarfe, mai ƙarko har ƙarshen rai, da shan maganin tsinka jini kullum. Matar ta zaɓa masa na bututu, shi ma bai yi gardama ba, don tsoron wuƙa yake yi kamar me. Sa hannu kawai ya rage yau.

Ya bi sautin da kunne har ƙarshen benci, inda wata tsohuwa ke zaune ita kaɗai. Ya dubi hannunta, ba agogo. Bugun daga cikin rigarta yake fitowa.

Tsohuwar ta kama shi yana kallo, ta yi dariya. "Ɗana, ba agogo ba ne, ni ce. Bawul na ƙarfe aka sa mini a zuciya, shekara sha tara ke nan. Jikokina sun daina wasan ɓuya da ni."

Ya so ya taya ta dariya, bai iya ba. Kunnensa ya riga ya kama aiki. Bugu biyar ras, na shida ya fito a dushe. Biyar kuma, sai wani ya ɓace gaba ɗaya. Haka agogo ke yi idan datti ya shiga haƙoransa, kafin ya tsaya.

"Mama, kin ji yana tsallakewa?"

"Kunnena ya daɗe da yin ritaya."

"Maganin fa, kina sha?"

"Ya ƙare tun wancan makon."

Ya miƙe ya nufi teburin nas. Ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, kai likita ne?"

"Agogo nake gyarawa. Ki dai saurare ta."

Ta je tana jan ƙafa, ta ɗora abin sauraron zuciya a ƙirjin tsohuwar, nan take fuskarta ta canza. Aka kawo keken marasa lafiya a guje. Ya tsaya yana ƙirga bugun da ke nisa a baranda, har ƙofa ta rufe.

Shirun da ya biyo baya shi ya fi ba shi tsoro. Ya tuna mahaifinsa, wanda aka tarar a mace a kan kujerar shago da rana tsaka, da sukundireba a hannu, mai agogon yana tsaye yana jira ya ɗago. Ba wanda ya ji komai.

Da aka kira su, likita ya tura masa biro.

"Likita, na bututun nan, idan ya fara lalacewa, yana yin ƙara?"

"A'a. Sai an yi hoto, ko numfashinka ya fara sarƙewa."

Ya ture takardar. "A ba ni ta na ƙarfen."

Matar ta riƙe masa hannu. "Baban yara, tsaga ka fa za su yi. Kuma ni zan kwana ina tashi da wannan ƙarar har abada."

"Na sani," ya ce. "Zan koya miki yadda ake ƙirga ta."