Ƙarin da ke Wuyan Manu

Manu ya haura shekara hamsin a duniya bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kada ma wani ya fara wannan zancen. Ɗan fari ne, ita kuwa Inna Hapsatu Bafulatana ce ta wani ƙauye a gefen Sara, irin matan da, waɗanda kunyar ɗan fari take bin su har kabari. Ana yaye shi aka miƙa shi gidan Bappa, ƙanin ubansa, can ya tashi. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta kau da kai ta ce, "ɗan gidan Bappa." In ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Ko ƙuda bai taɓa ganin ta kore masa ba.

Sai tsufa ya zo ya yi mata kaca-kaca. Ido ya tafi, kunne ya yi nauyi har muryar kowa ta zame mata ɗaya, hankali kuwa yau yana gida gobe ya tafi kiwo. Abin da ya fi tayar wa mutanen gidan hankali shi ne abinci. Ta ce atafau wani zai zuba mata wani abu a ciki. Bara'atu, matar Manu, ta yi lallashi har bakinta ya gaji, tsohuwa ta datse haƙora, tana ta ramewa a kan tabarma.

Wata rana Manu ya durƙusa zai ɗaga ta ya gyara mata zama. Ta kai hannu ta riƙe wuyansa don kada ta faɗi, sai yatsunta suka ci karo da ƙarin nan da ke dokin wuyansa, wani ƙullutu mai laushi da ya daɗe yana fama da shi, hular ma ba ta zama daidai saboda shi. Ta tsaya cik. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Af," in ji ta, "kai ne."

Ta buɗe baki ta karɓi fura.

Tun daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Safe da yamma Manu zai durƙusa ya sunkuyar da kai, ita kuma ta laluba, ta sami ƙarin, ta ce "kai ne," sannan ta ci. Mutanen gari suna ta yaba masa, wai ga ɗa mai biyayya, yana baro gona da shanu don ya ciyar da uwarsa. Su suka san wannan. Shi abin da ya sani, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne hannun nan yake zuwa nema. Ƙato da furfura a gemu, amma tun daga gona yake ɗokin ɗumin tafin hannunta a wuyansa.

To, da zafin bazara ƙarin ya tashi. Ya kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi, har Manu ba ya iya waiwaye sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Hambali wanzami ya ce a ba shi wuri ya tsaga, Bara'atu ta ce wallahi askar da ake yi wa kowa aski da ita ba za ta shiga wuyan mijinta ba. Suka tafi asibitin Gwaram, aka ba shi ƙwayoyi, kumburin ya sauka. Amma an gaya masa gaskiya: abin ba mugu ba ne, sai dai in ba a cire shi ba zai yi ta tashi, ya je Birnin Kudu a yi masa 'yar ƙaramar tiyata, ranar ma zai kwana a gida.

Nan Manu ya shiga kame-kame. Ya ce bari a gama shuka. Aka gama, ya ce ga noma ya zo. Aka yi noma, ya ce sai an yi girbi. Ana cikin yankan gero ƙarin ya sake tashi, ya fi na farko, har da zazzaɓi. Aka sake shan magani, ya sake lafawa. Manu ya buɗe baki zai kawo zancen roron wake, Bara'atu ta ajiye tsintsiya.

"Malam, ni fa na san abin da kake gudu. Ba wuƙa ba ce."

Ya shiga kakkaɓe takalmin da ba shi da ƙura.

"Kana tsoron in an cire Inna ba za ta gane ka ba. Ni ma ina tsoro. Amma ranar da abin nan ya kwantar da kai, ka kasa tashi, wa zai ba ta? Ni ce za ta karɓa a hannuna?"

Haushi ya ji, don ta yi gaskiya.

Ranar tafiya ya dama furar da kansa. Ya durƙusa, Inna ta laluba, ta samu, ta ce, "Kai ne." Ta shanye tas, amma shi bai ɗaga kai ba, ya bar wuyan a ƙarƙashin hannunta har sai da ta ture shi ta ce ya tashi mana, ko barci yake.

Ya hau babur zuwa bakin titi, ya shiga motar Birnin Kudu. Duk inda motar ta tsaya ɗaukar fasinja sai zuciyarsa ta ce sauka. A asibiti ya yanki kati, aka nuna masa benci. Ina zama! Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa ƙofa, ya dawo. Ya fita har bakin get, ya tsaya kusa da mai lemo yana kallon motocin da suka nufi Gwaram, sannan ya tuna da fuskar Bara'atu, ya ja tsaki ya komo. Wani dattijo da ke kusa da shi ya ce, "Malam, ko cinnaku ne a bencin?" Manu bai ko kalle shi ba. Hannunsa yana bayan wuya, yana ta taɓa abin kamar mai ban kwana da saniyar da za a kai kasuwa.

Wata nas, an rubuta Lailatu a ƙirjin rigarta, ta leƙo ta kira shi. Likitan matashi ne mai fara'a. Ya danna ƙarin nan ta gefe da gefe, ya ce wata 'yar jaka ce a ƙarƙashin fata take tara maiƙo, yanzu da ta huce ne daidai lokacin fitar da ita. Za a yi allurar kashe zafi a wurin, ido biyu za a yi masa, a tsaga kaɗan, a zaro ta, a ɗinke.

"Likita," in ji Manu, yana murza hula a hannu, "ba yadda za a yi a rage kaɗan? Ko ɗan guntu ne, yadda in an shafa za a ji."

Likita ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya dubi fuskar mutumin sai ya daina.

"Baba, in na bar ko ɓawon jakar ne, sake cika za ta yi, ta sake ruɓa. Wahalar da ta kawo ka ita za ta dawo da kai. Me ya sa kake son a rage?"

Yaya mutum zai fara bayyana wannan ga yaron da bai kai ɗansa ba? Manu ya ce ba komai, a yi kawai.

Ya kwanta rub da ciki. Allurar ta yi zafi kamar harbin zuma, daga nan wurin ya mutu. Ba ciwo, sai dai yana jin ana ja, ana taɓawa, ƙarfe yana ƙara a cikin faranti. Nas Lailatu tana ta ce masa, "Sannu Baba, saki jikinka, an kusa." Shi ba wuƙar yake ji ba, rana yake aunawa a ransa: yanzu inuwar rumfa ta bar tabarmar Inna, yanzu Bara'atu ta kai mata kwano.

"An gama," in ji likita.

Har an gama? Aka nuna masa abin a ɗan kwano, fari-fari, bai fi ƙwan zabuwa ba. Wannan ɗan banzan ne ya ba shi uwa, shi ne kuma yake neman kashe shi da zazzaɓi. Aka ce za a kai ɗakin gwaji don a ƙara tabbatarwa, kada ya bari ruwa ya taɓa ɗinkin, kada ya ɗauki kaya a ka, ya dawo a cire zare. Ya yi ta cewa to, to, ƙafarsa ɗaya tana waje.

A tasha mota ta ƙi cika. Ya kira Bara'atu a waya.

"Ta ci?"

"Ta ƙi. Tana ta tambaya ina ɗan gidan Bappa. Ya jikin?"

Ya kashe wayar bai amsa ba. Ya kai hannu bayan wuya, ya ji filasta shimfiɗe, sumul.

Bayan la'asar ya iso. Inna tana zaune a ƙarƙashin rumfa, ta haɗe baki, ga kwanon fura a rufe a gefenta. Ko ruwa bai sha ba ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Hannun ya taso, ya bi kafaɗa, ya hau wuya, ya sauka a kan filasta. Ya laluba sama, ya laluba ƙasa. Sai ta fizge shi kamar ta taɓa garwashi.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna," ya faɗa da ƙarfi a saitin kunnenta. "Ɗan gidan Bappa. Asibiti na je, aka cire."

"Ƙarya kake. Shi yana da abu a nan."

Bara'atu ta matso ta rantse mata, ta sake rantsewa. Ina! Tsohuwa ta dafa ƙasa ta miƙe, ita da sai an ɗaga ta, ta kama bango tana bi, tana cewa tun safe ya fita, bai taɓa kaiwa haka ba, wani abu ya same shi ana ɓoye mata. Manu yana biye da ita, hannuwansa a buɗe kada ta faɗi, tana ture shi. Ta kai bakin zaure, ta riƙe ƙyaure, ta ɗaga fuskarta wajen hanyar da ba ta gani.

"Manu!"

Bara'atu ta dafe ƙirji. Maƙwabciyar da ke daka a bayan katanga ta tsayar da taɓarya.

"Manu! Manu, kana ina?"

Manu ya tsaya a bayanta. Sunan nan da ya ji a bakin malamai da 'yan kasuwa da yara marasa kunya, ashe bai taɓa jin sa ba sai yau. Ta ja shi a baki yadda Fulani suke ja, a hankali, kamar ta daɗe tana faɗarsa a ciki.

"Na'am, Inna," ya ce.

"Bawan Allah, ba da kai nake ba."

Ƙarfinta ya ƙare. Ta yarda baƙon ya riƙe ta ya mayar da ita tabarma. Ta zauna tana haki, can ta fara magana, irin maganar da ake yi wa wanda ba a sani ba, wanda gobe ba za a sake gani ba.

"Kai ba ka san shi ba. Ni ma fuskarsa ban san ta sosai ba, ban taɓa tsayawa na kalla ba, da kunya. Sai ya juya baya zai tafi nake ɗaga ido. In ya kora shanu ya wuce, ina nan bayan zana ina kallo har ya ɓace. Ƙeyarsa na sani. Abin nan tun yana kamar ƙwayar wake na gan shi, shi kansa bai san yana da shi ba." Ta numfasa. "Kwanan nan ciwo yake masa. In na taɓa sai ya ɗauke numfashi, ya ɗauka ban ji ba. Na so in ce ya je a duba masa, bakina ya ƙi."

Hawaye suna bin gemun Manu, bai share ba. Ɗinkin ya fara zogi, allura ta sake shi. Ya jawo kwanon ya buɗe.

"Inna, na haɗu da shi a hanya. Lafiyarsa ƙalau, yana tafe. Ya ce in ba ki wannan ki sha kafin ya iso."

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

Ta laluba ta taɓa kwanon. Sannan ta buɗe baki. Ya riƙa ba ta ludayi bayan ludayi, Bara'atu tana tsaye ta toshe baki da gefen zane. Da ta ƙoshi ta kau da kai, ta laluba ta kama hannun rigarsa.

"Ka zauna har ya zo."

"Ina nan."

Ta matso da bakinta kusa da kunnensa, ta rage murya, kunya ta dawo mata.

"Ɗazu na faɗi sunan, ko?"

"Kin faɗa, Inna."

"Kada ka gaya masa."

Manu ya gyara zama a gefen tabarmar, ya rufe kwanon.

"Ba zan gaya masa ba," ya ce.