Uku ga Wane Wata?

Rabin kiredit! Wai rabin kiredit ne zai hana Nermina karɓar takardar gama sakandare, kuma sai da ya rage kwana goma sha biyu a yi bikin yaye ɗalibai sannan aka ga damar faɗa musu.

Nusret Salkic ya baro kamfanin nama tun ba a tashi ba, ko takalmin robar bai cire ba, ya zauna gaban Misis Tollefson mai ba ɗalibai shawara, 'yarsa Nermina na gefensa. Shekara ashirin da uku ke nan da ya baro Bosniya ya sauka a wannan gari na jihar Iowa ta Amurka, amma har yau in ya shiga ofis sai ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Lissafin kowa ya san shi. Kiredit ashirin da huɗu hukumar ilimin gunduma ke so. Darasin shekara guda kiredit ɗaya ne, na zango ɗaya rabi. Nermina na da ashirin da uku da rabi. Ragowar na darasin kiwon lafiya ne, wanda ya faɗo awa ɗaya da na kimiyya, shi ya sa ta ɗauke shi a karatun ƙashin kai: ba shiga aji, sai littafi da kai wa malami rahoto duk mako. Ta kuwa yi shi. A teburin kicin ɗinsu aka yi, har Senada uwarta ta gaji da ture takardu ta koma murza ƙullun fulawa a kan injin wanki.

Misis Tollefson ta ce, "Aikinta ba abin da ya rage, Mista Salkic. Takardar neman izinin ce matsala. Doka ta ce iyaye su sa hannu kafin sha biyar ga Janairu. 'Yan gunduma sun duba sun ga ɗaya ga Maris."

"Wane irin Maris? Ni na sa hannu da kaina. Hutun sabuwar shekara ma bai ƙare ba."

Ta juyo masa takardar. Ga sunansa, ga kwanan wata a gefe, rubutunsa ne ba tantama: 3/1.

A can gida rana ake fara rubutawa sannan wata. A nan wata ne a gaba. Ba wai bai sani ba! Duk sanda zai cika takarda sai ya dakata ya juya abin a kansa. Ran nan ne kawai, yana tsaye da kofin gahawa, an yi masa hon a waje, hannun ya koma abin da aka koya masa tun yana ɗan aji ɗaya.

Ya ce, "Uku ga Janairu ne. Uku ga wata na ɗaya."

"Ni dai na yarda da kai. Kuma mu ma da namu laifin. Cikin hutu Nermina ta jefa takardar a akwatin ofis, ba wanda ya buga mata hatimi. Amma kwamitin gunduma ne kaɗai zai iya warwarewa, su kuma sai Agusta za su zauna."

Nermina ta yi magana a karon farko. "Kwalejin jinya da ta ba ni gurbi, ranar takwas ga Yuni suke son takardar. In ba ta je ba, na bayana za a ba gurbin."

Misis Tollefson ta ce, "Za ta iya sa riga da hula ta hau dandamali da 'yan ajinsu. Ai bangon takardar da ake miƙa wa kowa a ranar ba komai a ciki, daga baya ake karɓar takardar. Ba wanda zai sani."

"Ni na sani," in ji Nusret.

A mota ya so ta yi masa faɗa, ta yi ihu, ko ta buga ƙofa. Ina! Sai cewa ta yi, tana kiransa Baba da harshensu, "Babo, kana warin kamfani, buɗe taga." Har da 'yar dariyarta. Dariyar ta fi zagi yi masa ciwo.

Washegari Misis Tollefson ta kira da wata dabara: in ya kawo tsofaffin takardu da suka nuna haka ya saba rubuta kwanan wata, za ta kai wa shugaban kwamitin, ko ya duba kafin Agusta. Nusret ya sauko da kwalin takardunsa daga saman kabad, shi da Senada suka baje su a ƙasa. Takardar haya, ta asibiti, ta ɗaukar aiki, izinin tafiyar makaranta tun Nermina na 'yar shekara shida. Ya duba ɗaya bayan ɗaya. Duka wata ne a gaba. Shekara ashirin da uku yana taka-tsantsan don kada a ce baƙo ne bai iya ba, ga shi ko kuskure ɗaya bai bar wa kansa ba da zai kafa hujja da shi.

Senada ta ce, "Kai da iyayinka! Da ka riƙa kuskure kamar kowa."

Ba ta gama rufe baki ba ta ga fuskarsa, ta fara mayar da takardun cikin kwalin.

Ranar bikin ya tafa har tafinsa ya yi ja. Nermina ta sauko ta ba shi bangon ya riƙe mata, ta tafi ɗaukar hoto da ƙawayenta. Bai buɗe ba. Sauran iyaye suka nufi layin karɓar takardu, shi ya tsaya jikin bango yana kallon takalminsa.

Gurbin ya tafi, sai baɗi in da rabo. Ranar Litinin yana karyawa ta ajiye masa wata takarda kusa da kofinsa, ta darasin bazara, mako shida, za ta sake kiwon lafiyar daga farko.

"Sa hannu a nan, Babo."

Ya ɗauki biro, ya rubuta sunansa a hankali, ya matsa zuwa gurbin kwanan wata yana juya shi a kansa, wata tukun, sannan rana. Sai ya ga ta riga ta cike wurin da hannunta.